Hannun Jaririnki Yana Iya Magana Kafin Bakinsa

  

A ƙarƙashin rubutunmu na makon jiya kan yaye, wata 'yar'uwa daga Gusau ta bar saƙon da ya tsaya mini a rai. Ɗanta wata goma sha ɗaya ne. Ta ce da zarar la'asar ta yi sai ya ɓarke da kuka, ta ba shi nono ya ture, ta ba shi ruwa ya watsar, ta goya shi ya yi ta banƙarewa, har ita ma ta zauna ta taya shi. Rannan ta ga bidiyon wata Baturiya a TikTok, jaririnta yana haɗa yatsunsa idan yana son ƙarin abinci. Ta fara gwadawa da nata ɗan ke nan, uwar mijinta ta gan ta ta ce, "Ke 'yar nan, so kike ki mayar mini da jika bebe?" Tun daga ranar ta daina, amma abin bai bar ranta ba. Tambayarta ita ce: koya wa jariri magana da hannu yana hana shi magana da baki?

Amsar a gajarce ita ce a'a, ba ya hanawa. Amma akwai abin da masu bidiyon suke ƙarawa gishiri, akwai kuma wani abu mai muhimmanci da ba sa faɗa. Ki gyara zama mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da kika daɗe kina yi ba ki sani ba

Ki tuna ranar da ɗanki ya fara miƙo miki hannu biyu don ki ɗauke shi. Bai ce uffan ba, amma kin gane. Ki tuna lokacin da ya fara kawar da kai idan ya ƙoshi da koko, ko ya ɗaga hannu yana yi wa babansa sai an dawo, ko ya shafa fuska bayan an idar da addu'a saboda ya ga kowa ya shafa. Duk waɗannan magana ce. Ba wanda ya taɓa cewa sun hana yaro buɗe baki.

Dalilin da ya sa hannu yake riga baki shi ne, furta kalma ɗaya tak aiki ne babba. Sai harshe da leɓɓa da muƙamuƙi da numfashi da maƙogwaro sun yi aiki tare cikin ƙiftawar ido. Jariri yana ɗaukar lokaci kafin ya iya haɗa su, shi ya sa yawancin yara ba sa furta kalmar farko sai wajen shekara ɗaya. Fahimta kuwa tana zuwa tun da wuri. Tun yana wata shida zuwa tara ya soma gane sunansa da sunayen wasu abubuwan da yake ji kullum. Hannuwansa ma a wannan lokacin sun soma yi masa biyayya: yana damƙa, yana saki, yana tafi.

Ke nan akwai wasu watanni da yaro ya san abin da yake so, amma ba shi da hanyar faɗa sai kuka. Ki ɗauka ke ce aka ajiye a ƙasar da ba kya jin yarensu, ga ƙishirwa ta dame ki, kina ta bayani ana miƙo miki bargo. Rigimar yaro ɗan shekara ɗaya, da yawanta daga nan take. Ishara da hannu wata 'yar gada ce da yake takawa kafin bakinsa ya nuna.

Daga ina abin ya fito?

A shekarar 1982 wata malamar nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, mai suna Linda Acredolo, ta lura 'yarta mai shekara ɗaya tana jan hanci kamar mai sunsuna abu duk lokacin da ta ga fure. Ba wanda ya koya mata. Yarinyar ta ƙirƙiro wa fure suna ne da hancinta. Acredolo da abokiyar aikinta Susan Goodwyn suka shiga bincike, suka gano yara da yawa suna ƙirƙiro irin waɗannan alamu da kansu, iyayen ne kawai ba sa lura. A 1996 suka fitar da littafi kan yadda uwa za ta ƙarfafa wa ɗanta yin haka.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai Joseph Garcia, tafintan kurame a Amurka. Shi abin da ya ja hankalinsa shi ne 'ya'yan abokansa kurame, yara masu ji sarai, suna bayyana bukatunsu da hannu tun kafin sa'o'insu su fara magana. Sai ya shiga koya wa iyaye masu ji alamun harshen kuramen Amurka don su yi amfani da su da jariransu. Yawancin bidiyoyin da kike gani a waya daga wannan layin suka fito.

Me bincike ya nuna?

A nan ne nake so mu yi gaskiya da juna. Acredolo da Goodwyn sun bi yara 103 tun suna wata goma sha ɗaya, suka ruwaito a shekarar 2000 cewa waɗanda aka koya wa ishara sun ɗan fi sauran saurin magana. Daga nan kasuwa ta buɗe: littattafai, faifai, azuzuwan biyan kuɗi, har aka riƙa tallar cewa abin yana ƙara wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa.

A 2005 wasu masana a Kanada suka tattaro binciken da aka yi a kan batun suka tace, suka ce hujjar ba ta kai ƙarfin da za a ce ishara tana sa yaro ya fi sa'o'insa ba. Bayan nan, a 2013, wasu masu bincike a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila suka fitar da sakamakon bin jarirai 40 daga wata takwas zuwa wata ashirin. Yaran da aka koya wa alamu sun koya, sun kuma yi amfani da su. Amma wajen magana da baki, ba su fi sauran ba, ba su kuma gaza su ba. Bambancin da aka gani a wurin iyayen yake: uwayen da suka koyar da alamu sun fi lura da motsin 'ya'yansu, sun fi saurin gane abin da suke nufi.

To kin ji. Ba zai mayar da ɗanki farfesa tun yana goye ba, ba zai kuma mayar da shi bebe ba. Ribar da za ki samu ita ce fahimtar juna, kuma a wurina ba ƙaramar riba ba ce. Duk wadda ta taɓa kwana tsaye da yaro mai kuka ba ta san abin da ke damunsa ba ta san darajarta.

Akwai wani binciken da ya kamata surukar 'yar'uwarmu ta ji. A Jami'ar Chicago, Meredith Rowe da Susan Goldin-Meadow sun ruwaito a 2009 cewa yaran da suka fi yawan nuni da hannu suna wata goma sha huɗu, su ne suka fi yawan kalmomi a baki lokacin da suka kai shekara huɗu da rabi. Dalili ɗaya a bayyane yake: idan yaro ya nuna akuya, uwa takan ce, "Eh, akuya ce, ga ta can tana cin dusa." Nuninsa ya jawo masa kalmomi a daidai lokacin da hankalinsa yake kan abin. Yaro kuma da zarar bakinsa ya iya faɗin "ruwa", yakan watsar da alamar da kansa, kamar yadda ya watsar da rarrafe da ya iya tafiya. Magana ta fi sauƙi, ana jin ta daga wani ɗaki, kuma ana yin ta ko da hannu yana riƙe da biskit.

Yadda za ki fara

Kina iya farawa daga wata shida zuwa takwas, lokacin da yaro ya soma zama, yana kuma tsayar da ido a kanki. Ya zo daidai da lokacin da ake fara ba shi abinci bayan wata shida na nono zalla, saboda haka damar koyarwa tana zuwa sau da yawa a rana. Kada ki sa ran zai mayar miki da martani nan take. Yawancin yara sai tsakanin wata takwas zuwa shekara ɗaya suke fara yi. Idan ɗanki ya riga ya shekara ma ba ki makara ba, shi ya ma fi saurin ɗauka.

Ki fara da alamu uku kacal, na abubuwan da yake bukata kullum. Ga waɗanda na yi amfani da su a gidana:

Nono: ki dunƙule hannu ki buɗe, ki dunƙule ki buɗe, kamar mai tatsar saniya.

Abinci: ki haɗa yatsun hannun dama ki kai baki, yadda kowane Bahaushe yake nuna ci.

Ruwa: ki lanƙwasa hannu kamar kin riƙe kofi ki kai baki. A bidiyon Turawa za ki ga suna ɗora yatsu uku a haɓa, wannan harafin farko ne na sunan ruwa da Turanci, ba shi da wata ma'ana a wurinmu.

Ƙari: ki haɗa kan yatsun hannuwa biyu, ki riƙa taɓa su da juna.

Ya ƙare: ki karkaɗe tafukan hannu kamar mai kakkaɓe gari.

Barci: ki kwantar da kumatu a kan tafin hannu.

Ciwo: ki ɗan yamutsa fuska, ki taɓa kan manunan yatsunki biyu da juna a kusa da wurin da ke ciwo.

Zafi: ki miƙa hannu wajen abin ki janye da sauri kina hura iska. Wannan tana da amfani ƙwarai a gidan da ake girki da murhu ko kurfoti a tsakar gida, ko ake ajiye filas ɗin shayi a ƙasa.

Ƙa'ida ta farko, wadda ta fi duk sauran: kada ki taɓa yin alama baki rufe. Kullum ki haɗa ta da kalmar. Ki dube shi ki ce, "Ruwa? Ruwa kake so? Ga ruwa," hannunki yana yin alamar, sannan ki ba shi. Kalmar ita ce inda za a je, alamar rakiya take yi mata.

Ta biyu, ki yi ta a lokacin da abin yake faruwa. Alamar wanka a bakin baho, ta barci a kan shimfiɗa. Ba darasi ba ne da za ki ware masa lokaci ki zaunar da shi.

Ta uku, ki tsaya a kan alama ɗaya ga abu ɗaya. Idan yau kin nuna ƙari da yatsu, gobe da tafi, kin rikita shi.

Ta huɗu, ki karɓi abin da ya iya. Kamar yadda zai ce "uwa" yana nufin ruwa, haka hannunsa ma zai yi gwaranci. Autata tafi take yi a madadin haɗa yatsu. Na gane, na ba ta, ni kuma na ci gaba da yin tawa daidai. Idan kuma ya ƙirƙiro tasa alamar, ki bi shi, ita ce ba zai manta ba.

Ta biyar, kada ki hana shi abu wai sai ya yi alama. Yaro yana kukan yunwa kina tsaye da kwano kina jira ya haɗa yatsu, wannan horo ne, kuma zai sa ya tsani abin gaba ɗaya.

Abubuwan da bidiyon Turawa bai san da su ba

Na farko shi ne goyo. Baturiyar da kika gani ɗanta yana zaune a kujerar cin abinci yana fuskantarta. Namu kuwa rabin yininsa a baya yake, ƙeyarki kawai yake gani. Goyo alheri ne, yana jin ɗuminki yana jin muryarki, kada ki fasa. Sai dai ki nemi lokutan da kuke fuska da fuska: shayarwa, wanka, shafa mai, canza nafkin, ba da abinci. Waɗannan kaɗai sun isa.

Na biyu, kunyar ɗan fari. Har yanzu akwai gidajen da uwa ba ta sakewa da ɗanta na fari a gaban surukai, ba ta kiran sunansa, balle ta tsaya tana yi masa wasa da hannu. Ba na ce ki yi fito-na-fito da al'adar gidanku ba. Amma a cikin ɗakinki, ke da shi, ki saki jiki ki yi masa hira. Yaro ba ya koyon harshe daga shiru.

Na uku kuma riba ce da muka fi su: yawan jama'a. Gidanmu akwai yayye, akwai gwaggo, akwai kaka, akwai 'yar raino. Ki koya musu alamun nan uku. Yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai sun fi kowa naci, za su mayar da abin wasa. Kuma ranar da kika tafi aiki ko unguwa, wanda kika bar wa yaron zai gane shi. Idan a gidan ana Hausa ana Fulatanci, ko Hausa da Turanci, alamar takan zama mahaɗa: kaka ta faɗa da nata harshen, ke ki faɗa da naki, hannu kuma iri ɗaya.

Na huɗu, ki tace abin da kike kwaikwayo. Ni na yi wannan kuskuren. Alamar "na gama" ta Amurkawa ita ce a ɗaga hannuwa biyu a ware yatsu a juya su. Na koya wa autata haka. Ranar wani suna a gidanmu, yayan babanta ya ba ta lemo ta sha, ya ce, "A ƙara miki, uwata?" Yarinya ta dube shi ta ware masa yatsu biyar a fuska. Tsakar gida ta yi tsit. Sai da na yi rantsuwa cewa ba daƙuwa na koya mata ba. Tun daga nan na koma karkaɗe hannu irin namu. Haka ma zancen hagu da dama: alamar ci ki riƙa yin ta da dama, amma idan shi ya mayar da hagu kada ki buge masa hannu, a wannan shekarun bai ma tsayar da hannun da zai fi amfani da shi ba.

Na biyar, wayar da kike karanta ni da ita. Ke ce za ki kalli bidiyon ki koya, ba shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, mai shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Jariri daga fuskar mutum mai amsa masa yake koyo. Kuma ba sai kin biya kowa ko sisi ba. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi ya sa ki a ajin da zai mayar da jaririnki haziƙi, ki riƙe kuɗinki ki sayi ƙwai.

Ranar da abin ya yi mini rana

Autata tana wata goma sha huɗu ta tashe ni da kuka wajen ƙarfe biyun dare. Jikinta da ɗan ɗumi. Na ɗauka haƙori ne, don duk abin da ya samu yaro a wannan shekarun haƙori muke ɗora wa. Ina jijjiga ta sai na ga tana haɗa 'yan yatsunta, ta kai hannu kunnen dama, ta sake haɗawa. Alamar ciwo ce, wadda na yi wata biyu ina nuna mata duk lokacin da ta faɗi, ban taɓa ganin ta yi ba sai daren nan. Da safe muka je asibiti, likita ya haska ya ce kunnen ya kumbura daga ciki, ya rubuta magani. Da ban gane ba, wataƙila sai na ga ruwa yana fita sannan zan farga.

Inda nake so ki buɗe ido

Yanzu ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa. Ishara ba ta hana magana, amma tana iya rufe wa iyaye ido daga matsalar da take can tun asali.

Ɗan ƙanwata yaro ne mai wayo. Komai da hannu yake nunawa, kowa yana yaba shi. Ya shekara biyu bai ce "Mama" ba. Aka ce ai maza ba sa saurin baki, aka ce babansa ma sai da ya shekara uku, aka ce miskili ne. Sai da ya kusa shekara uku aka kai shi gwaji, aka tarar ba ya ji sosai a kunnuwan biyu. Da aka bi tarihi, ya yi wani zazzaɓi mai tsanani har da sanƙarewar wuya yana wata bakwai. Ya warke, kowa ya yi hamdala, ba wanda ya ce a duba kunnensa. Ƙanwata har yau idan ta tuna shekara biyun nan da suka wuce a banza sai ta yi hawaye. Ba nunin da yake yi ne ya hana shi magana ba. Rashin ji ne ya sa ya dogara da nuni.

Mu da muke yankin da sanƙarau yake yawan ɓarkewa lokacin zafi, daga arewacin Nijeriya har Nijar da Chadi, dole mu san wannan. Sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa, da ciwon kunne mai mugunya da aka bari ya daɗe, duk suna iya taɓa ji. Haka wasu allurai irin su jentamaisin idan aka yi su barkatai ba bisa umarnin likita ba. Kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ake haifa kurame, iyayensu masu ji ne. Saboda haka "ai babu kurma a danginmu" ba hujja ba ce.

Ki kai yaro a duba shi idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Jariri ne amma ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi.

Ya kai wata shida ba ya juyowa wajen sauti ko muryarki.

Ya kai wata tara ba ya gwarancin "bababa" ko "mamama", ba ya waiwayowa idan an kira sunansa.

Ya shekara ba ya ɗaga hannu, ba ya miƙo abu, ba ya wata ishara ko kaɗan.

Ya kai wata goma sha takwas ba ya nuna miki abu da yatsa, ko ba shi da kalma ko ɗaya.

Ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Baba tafi".

Ya taɓa iya wani abu, kalma ko ishara, sai ya daina.

Kada ki dogara da gwajin gida na buga murfin tukunya a bayansa. Yaron da ba ya ji yana iya juyowa saboda ya ga inuwarki ko ya ji girgizar ƙasa a jikinsa. Kuma jaririn da ba ya ji shi ma yana dariya yana 'yan guje-gujen murya a watannin farko, shi ya sa uwa take ruɗuwa. Gwajin gaskiya da na'ura ake yi, ba ya ciwo, ana yi wa ko jaririn kwana biyu yana barci. Ki tambayi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa ko babban asibitin da ke kusa da ke. A Kaduna ma akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa. Ƙa'idar da masana suke bi ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau kuwa, a duba jinsa ko da ya warke garau. Ki kuma cika masa rigakafi, har da na ƙyanda da na sanƙarau da ake yi a wata tara. Kunne mai ciwo kada a ɗiga masa man ja ko ruwan albasa, kada a sa masa tsinke.

Idan an ce ɗanki ba ya ji

A nan zancen ya canza. Alamu takwas ɗin da na lissafa ba harshe ba ne, 'yan kalmomi ne. Yaron da ba ya ji yana bukatar cikakken harshe tun yana ƙarami, domin shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe, kuma ba ta damu ba ta kunne ya shigo ko ta ido. A 1991 wata masaniya a Kanada, Laura-Ann Petitto, ta nuna cewa jarirai kurame da iyayensu ke magana da hannu suna yin gwaranci da yatsunsu, kamar yadda namu suke yi da baki, kuma a kusan watanni ɗaya.

Mu ma muna da namu. Maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa harshe ce mai zaman kanta, da kalmominta da tsarinta, ba daga Turai aka kawo ta ba. Wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinta, ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. A makarantun kurame kuma, irin ta Tudun Maliki a Kano, za ki tarar da alamun da suka samo asali daga harshen kuramen Amurka, wanda wani malami kurma Ba'amurke baƙar fata, Andrew Foster, ya yaɗa ta makarantun da ya buɗe a Ghana a 1957 da Nijeriya a 1960. Idan Allah ya ba ki ɗa kurma, ki nemi kurame manya a unguwarku, ki koya daga gare su, ki sa duk gidan su koya. Yin haka ba ya hana a sa masa na'urar ji ko a koya masa magana idan likita ya ga zai amfana. Ɗan ƙanwata yanzu yana aji uku, yana karatu yana rubutu, kuma duk gidan ba wanda ya kai shi tsokana.

Ga 'yar'uwarmu ta Gusau

Kada ki yi jayayya da Hajiya. Tsoronta na ƙauna ne, jikanta take karewa. Ki zaɓi alama ɗaya, ta ruwa, ki ce, "Hajiya, ku taya ni koya masa, ya fi jin maganarku." Ki tabbatar tana ji kina faɗin kalmar da baki kowane lokaci. Ranar da ya kai hannu baki yana kallonta ita ce ta miƙa masa kofi, ina tabbatar miki ita za ta fara ba maƙwabta labari. Kukan la'asar ɗin kuma ki duba ko gajiya ce, yara da yawa a wannan lokacin barci ne yake cin su. Idan ya ci gaba, ko akwai zazzaɓi ko jan kunne, ki kai shi asibiti.

Sauran iyaye mata, ina jiran ku a ƙasa. Wace alama ɗanki ya ƙirƙiro da kansa? Wa ta taɓa gwada wannan, kuma wata nawa ya ɗauka kafin ya amsa? Idan akwai mai ɗa kurma a cikinmu, don Allah ki gaya mana yadda kika gano da inda kika samu taimako, wata tana nan tana karantawa cikin zullumi, maganarki za ta fi tawa yi mata amfani.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa zancen fitar haƙori da abubuwan da muke ɗora masa alhali ba laifinsa ba ne. Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya mana su. Sai mun haɗu.